Georg Büchner: Marubucin Jamus da ya rasu yana da shekara 23, ya bar wa talaka gurbi a dandalin wasan kwaikwayo

A ranar 19 ga Fabrairu 1837, wani matashin malamin jami'a mai suna Georg Büchner ya rasu a ɗakin da yake haya a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, yana da shekara 23 da wata huɗu. A lokacin hukumar ƙasarsu ta haihuwa nemansa take yi ruwa a jallo bisa zargin cin amanar ƙasa. Wasannin kwaikwayo uku ya bari, ɗaya kaɗai aka buga yana raye, kuma bai taɓa ganin an nuna ko ɗaya daga cikinsu a dandali ba. A yau babbar lambar yabo ta adabin Jamusanci sunansa take ɗauke da shi, ana karantar da littattafansa a makarantun sakandaren Jamus, ana kuma nuna wasanninsa a nahiyoyi daban-daban. Abin da ya ba shi wannan matsayi shi ne yadda ya ɗauki rayuwar matalauci da muhimmanci a zamanin da manyan wasannin kwaikwayo na Turai ba su san wani jarumi ba sai sarki ko basarake ko attajiri.

Gidan likita a ƙaramar masarauta

An haifi Karl Georg Büchner ranar 17 ga Oktoba 1813 a ƙauyen Goddelau da ke masarautar Hesse-Darmstadt, a daidai kwanakin da ake gwabza yaƙin Leipzig, inda rundunonin ƙasashen Turai suka karya ƙarfin Napoleon. Mahaifinsa, Ernst Büchner, likita ne da ya taɓa aiki da sojojin da ke ƙarƙashin Napoleon, kuma mutum ne mai tsananin son bin doka da oda. Mahaifiyarsa, Caroline Reuss, ita ta cusa wa yaran son karatun adabi da tatsuniyoyi. A 1816 iyalin suka koma Darmstadt, babban birnin masarautar, inda mahaifin ya samu muƙamin likitan gwamnati.

Georg shi ne babba a cikin 'ya'ya shida da suka rayu, kuma gidan ya fitar da mutane masu suna. Ƙanensa Ludwig ya zama likita kuma masanin falsafa da littafinsa na 1855 ya tayar da ƙura a Turai. Ƙanwarsa Luise ta yi fice wajen fafutukar ilimin mata, Wilhelm ya zama mai masana'antar sinadarai kuma ɗan majalisa, Alexander kuwa ya zama farfesan adabi a Faransa.

Jamus ta wancan lokaci ba ƙasa ɗaya ba ce. Tarayya ce ta ƙananan ƙasashe kusan 40, mafi yawansu kowace da sarkinta da fadarta da sojojinta da shingayen kwastan ɗinta. Tun daga 1819 aka kafa dokokin tace rubutu da sa ido a kan jami'o'i, don kada ra'ayoyin juyin juya halin Faransa su sake tsiro. A yankin Hesse ta Sama, inda ƙasa ba ta da albarka sosai, manoma na fama da haraji iri-iri da bashi da yunwa. A 1830, shekarar da mutanen Paris suka tumɓuke Sarki Charles na Goma, sabon sarkin Hesse, Ludwig na Biyu, ya nemi a biya masa bashin kansa na gulden miliyan 2 daga baitulmali. A kakar shekarar manoma suka yi bore, suka farfasa ofisoshin kwastan, suka ƙona takardun haraji. Sojoji suka murƙushe su, har suka kashe wasu mutanen ƙauyen Södel. Büchner yana ɗalibin sakandare mai shekara 16 lokacin da wannan ya faru.

Strasbourg da Giessen

A Nuwamba 1831 ya shiga sashen koyon aikin likita na Jami'ar Strasbourg da ke Faransa, kusa da iyakar Jamus. Ya sauka a gidan wani limamin coci mai suna Johann Jakob Jaeglé, inda soyayya ta ƙullu tsakaninsa da 'yar maigidan, Wilhelmine, wadda ake kira Minna, har suka yi alkawarin aure a asirce. A Strasbourg ya shaƙi iskar da babu irinta a gida, domin ana muhawarar siyasa a fili, akwai ƙungiyoyin masu neman jamhuriya, ga kuma 'yan gudun hijira daga Jamus da Poland. Shekaru biyun nan su ne mafi daɗi a rayuwarsa.

Dokar Hesse ba ta yarda ɗan ƙasa ya kammala karatunsa a waje ba idan yana son aikin gwamnati, don haka a Oktoba 1833 ya koma Jami'ar Giessen. Garin ya yi masa ƙunci, ya kuma kamu da sanƙarau jim kaɗan da isarsa. Da ya warke sai ya duƙufa a kan karanta tarihin juyin juya halin Faransa na 1789. Wasiƙar da ya rubuta wa Minna a farkon 1834 ta nuna yadda karatun ya girgiza shi. Ya ga cewa manyan mutanen tarihi ba su ke jan akalar al'amura ba, al'amuran ne ke jan su, kuma wanda ya hau kujera da sunan ceton jama'a yakan wayi gari yana aikata abin da ya zo kawarwa. Duk da wannan fahimta mai karya gwiwa, a cikin watannin ne ya tsunduma cikin siyasar ɓoye.

Ƙasidar da ta yi lissafin haraji

Ta hannun abokinsa August Becker ya haɗu da Friedrich Ludwig Weidig, shugaban wata makaranta a garin Butzbach kuma malamin addinin Kirista, wanda shi ne jigon 'yan adawar ɓoye a yankin. A bazarar 1834 Büchner ya kafa wata ƙungiyar asiri mai suna Ƙungiyar Haƙƙin Ɗan Adam a Giessen, ya buɗe mata reshe a Darmstadt, inda ɗalibai da masu sana'ar hannu suke zama tare. Sannan ya rubuta ƙasidar da aka sani da Der Hessische Landbote, wato Manzon Karkarar Hesse.

Abin da ya bambanta ƙasidar da sauran takardun 'yan adawa shi ne lissafi. Masu ilimin zamanin suna kukan rashin 'yancin jarida da rashin tsarin mulki nagari. Büchner ya ga cewa manomin da bai ci ya ƙoshi ba, ba zai damu da 'yancin jaridar da ba ya karantawa ba. Sai ya ɗauko alƙaluman gwamnati da kanta: mutanen masarautar dubu 718 da 'yan kai ne, harajin da ake karɓa a hannunsu kowace shekara ya haura gulden miliyan 6. Ya bi kuɗin kashi-kashi, ya nuna nawa ke tafiya ga fada, nawa ga soja, nawa ga alƙalai da 'yan sanda, nawa ga fanshon manyan ma'aikata, a kowane mataki yana tambayar manomi abin da ya samu a madadin guminsa.

Weidig ya yi wa rubutun gyara mai yawa kafin a kai shi maɗaba'a. Ya san masu hannu da shuni na cikin 'yan adawa ba za su goyi bayan takardar da ta yi wa attajirai kuɗin goro ba, sai ya karkata zargin zuwa ga masu sarauta kaɗai. Ya kuma san cewa littafin da manomi ya sani shi ne Baibul, sai ya ƙara ayoyi da salon wa'azi. Büchner ya fusata ƙwarai da wannan gyara, har ya ce rubutun ya tashi daga nasa. Duk da haka aka buga ƙasidar a asirce a garin Offenbach a Yuli 1834, shafi takwas, babu sunan marubuci.

Ashe akwai ɗan rahoton hukuma a cikin na kusa da Weidig, wani mai suna Konrad Kuhl. Ranar 1 ga Agusta 1834 aka kama abokin Büchner, Karl Minnigerode, a ƙofar garin Giessen da kwafi fiye da 100 ɓoye a cikin rigarsa da takalmansa. Da jin labarin, Büchner ya kama hanya cikin dare zuwa Butzbach da Offenbach don ya gargaɗi sauran. Da ya dawo ya tarar an bincike ɗakinsa. Maimakon ya ɓuya, sai ya tafi kai tsaye wurin alƙalin jami'a, Konrad Georgi, ya kai ƙorafin an shiga masa ɗaki ba da izini ba. Wannan ƙarfin hali ya rikita masu bincike, suka ƙyale shi na ɗan lokaci.

Abin da ya fi kamun ciwo shi ne yadda manoman suka karɓi ƙasidar. Kamar yadda Becker ya shaida daga baya a gaban masu bincike, da yawa daga cikin waɗanda suka tsinci takardar a ƙofar gidajensu sun kai ta wurin 'yan sanda da hannunsu. Sun ga abin da ya faru a 1830, sun kuma san cewa duk wanda aka samu da ita gidan yari zai kwana. Büchner ya fahimci cewa gaskiyar lissafi ba ta isa ta kawar da tsoro ba.

Mutuwar Danton da gudun hijira

Mahaifinsa ya kira shi gida Darmstadt a kakar 1834, ya zaunar da shi ƙarƙashin idonsa. Ana ta kama abokansa ɗaya bayan ɗaya, shi ma ana kiransa amsa tambayoyi. A cikin wannan zaman ɗar-ɗar, tsakanin Janairu da Fabrairu 1835, ya rubuta wasansa na farko, Dantons Tod, wato Mutuwar Danton, cikin kimanin mako biyar, yana ɓoye takardun ƙarƙashin littattafan likitanci. Yana bukatar kuɗin guzurin gudu.

Wasan ya ɗauki kwanaki kaɗan ne daga tarihin juyin juya halin Faransa, daga 24 ga Maris zuwa 5 ga Afrilu 1794, ranar da aka fille kan Georges Danton da abokansa. Danton, wanda yana cikin waɗanda suka kafa jamhuriya, ya gaji da zubar da jini, kuma kisan gillar da aka yi wa fursunoni a Satumba 1792 yana hana shi barci. Abokin tafiyarsa na da, Maximilien Robespierre, ya yi imanin cewa sai an ci gaba da kisa kafin a tsarkake al'umma. Büchner bai ba ɗayansu gaskiya ba. A tsakaninsu ya sa talakawan Paris, waɗanda aka yi juyin da sunansu, amma har yanzu ba su da burodi. Yau su yi wa wannan tafi, gobe su yi wa wancan, ana ba su kawunan mutane su kalla a maimakon abinci. Kusan kashi ɗaya cikin shida na maganganun wasan ya ɗauko su ne kai tsaye daga littattafan tarihi da jawaban da aka yi a majalisa, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

Ya aika wasan ga marubuci Karl Gutzkow a Frankfurt, wanda ya gane darajarsa nan take, ya sa aka buga shi a wannan shekara, bayan an sassauta kalamai masu yawa saboda tsoron masu tace rubutu. Kafin ladan ya iso hannunsa, Büchner ya riga ya tsere. Ranar 9 ga Maris 1835 ya tsallaka iyaka zuwa Faransa, ya koma Strasbourg. A watan Afrilu aka kama Weidig. A watan Yuni jaridu suka buga sanarwar neman Büchner, ɗauke da bayanin tsayinsa da launin gashinsa da faɗin goshinsa, har da cewa ba ya gani daga nesa. Bai sake taka ƙasar Jamus ba.

Kifi da rana, adabi da dare

A Strasbourg ya yanke shawarar cewa lokacin juyi bai yi ba, kuma duk wanda ya jefa kansa a ciki a wannan hali asarar ransa kawai zai yi. Wasiƙunsa ga Gutzkow sun nuna bai sauya ra'ayi game da tushen matsalar ba. A ganinsa tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi ita ce ainihin abin da ke motsa al'umma, kuma masu ilimi ba za su gyara duniya da rubuce-rubucen da su kaɗai ke karantawa ba.

Ya koma neman abin da zai riƙe kansa da shi ya kuma auri Minna. Ya fassara wasannin Victor Hugo guda biyu daga Faransanci zuwa Jamusanci don samun kuɗi. Ya bar fannin duba marasa lafiya ya koma binciken halittar jikin dabbobi, ya shafe watanni yana feɗe wani kifin kogi mai gashin baki yana bin jijiyoyin kansa. Ya gabatar da sakamakon da Faransanci a gaban ƙungiyar masana halittu ta Strasbourg a 1836, kuma a kan wannan aiki Jami'ar Zurich ta ba shi digirin dakta a Satumbar shekarar.

A cikin wannan tsakani ya rubuta labarin zube mai suna Lenz, game da wani mawallafin Jamus na ƙarni na 18, Jakob Lenz, wanda ya samu taɓin hankali ya je ya zauna wurin wani fasto mai suna Oberlin a ƙauyen Waldersbach a farkon 1778. Büchner ya samu bayanan da faston ya rubuta, ya gina labarin a kansu. Bai tsaya daga waje yana kallon majinyacin kamar abin tsoro ko abin dariya ba. Ya shigar da mai karatu cikin kansa, yadda duwatsu da dare da shiru suke matse shi. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna yaba daidaiton bayanin.

Ya kuma rubuta wasan barkwanci mai suna Leonce da Lena, labarin wani yarima da zaman banza ya gundura da wata gimbiya, waɗanda suka gudu daga auren dole, suka haɗu a hanya ba su san juna ba, suka ƙare da auren da suka guje wa. A ƙarƙashin dariyar akwai zambo ga ƙananan masarautun Jamus, har da wurin da aka jera manoma masu jin yunwa a bakin hanya don su yi wa ango da amarya murna, aka kuma ba su damar shaƙar ƙanshin naman biki. Ya rubuta wasan ne don wata gasa da kamfanin ɗab'i na Cotta ya sa, amma ya makara da aikawa, aka dawo masa da shi ba a buɗe ba.

Woyzeck

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne wanda bai gama ba. Tushensa shari'a ce ta gaske. A 1821, a birnin Leipzig, wani tsohon soja kuma mai sana'ar aski da gashin kanti, Johann Christian Woyzeck, wanda ba shi da aiki ba shi da wurin kwana, ya daɓa wa wata bazawara da yake nema wuƙa ta mutu. An yi ta jayayya a kan ko hankalinsa ɗaya, domin ya ce yana jin muryoyi. Likitan hukuma, Johann Clarus, ya duba shi har sau biyu, ya yanke cewa lafiyarsa lau, rashin tarbiyya da shaye-shaye ne suka kai shi. Ranar 27 ga Agusta 1824 aka fille masa kai da takobi a tsakiyar kasuwar Leipzig a gaban dubban 'yan kallo. An buga rahoton Clarus a wata mujallar likitoci da mahaifin Büchner yake rubutu a cikinta.

Büchner ya ɗauki wannan rahoto ya sake yin shari'ar a dandali. Woyzeck na wasan ƙaramin soja ne da ke da ɗa da wata mata mai suna Marie, ba su da kuɗin ɗaurin aure a coci. Albashinsa ba ya isa, don haka yana yi wa kyaftin ɗinsa aski, kyaftin kuwa yana yi masa wa'azin ɗabi'a yana goranta masa ɗan da ya haifa. Amsar Woyzeck ita ce kyawun hali ya fi sauƙi ga mai kuɗi a aljihu. Ya kuma sayar da jikinsa ga wani likita mai gwaji, wanda ke biyansa 'yan kwabbai don ya ci wake zalla na tsawon watanni. Da jikinsa ya fara rawa, ya fara jin muryoyi, sai likitan ya yi murna da samun abin nazari, ya ƙara masa lada. Shugaban 'yan badujala, ƙaƙƙarfa mai ado, ya ja hankalin Marie da 'yan kunne, sannan ya lakaɗa wa Woyzeck duka a bainar jama'a. Woyzeck ya sayi wuƙa mai araha, ya ja Marie zuwa bakin tafki ya kashe ta.

Wasan bai wanke mai kisan ba, kuma Marie, wadda ita ma matalauciya ce, ita ta fi kowa asara. Abin da Büchner ya yi shi ne ya dawo da tambayar da Clarus ya tsallake: mutumin da aka ƙwace wa lokacinsa da lafiyarsa da mutuncinsa, wane irin zaɓi ya rage masa, kuma waɗanda suka yi masa haka mene ne rabonsu a laifin? Ya rubuta wasan cikin gajerun fitowa, da karin harshen talakawan Hesse, da jimloli masu yankewa a tsakiya kamar na mutumin da bai saba a saurare shi ba. Masana adabin Jamus suna ɗaukarsa wasan tausayi na farko a harshensu da jaruminsa ya fito daga ƙasan al'umma.

Zurich da ajali

A Oktoba 1836 ya isa Zurich, wadda jami'arta ba ta wuce shekara uku da kafuwa ba. Ranar 5 ga Nuwamba ya gabatar da laccar gwaji a kan jijiyoyin ƙoƙon kai, aka ba shi izinin koyarwa. Ɗalibansa ba su da yawa, kuma shi da kansa yake feɗe kifaye da kwaɗi don shirya abin da zai nuna musu. Ya kama ɗaki a gida mai lamba 12 a layin Spiegelgasse. Bayan shekara 80, Lenin na Rasha ya yi zaman gudun hijira a gida mai lamba 14 a wannan layi.

A farkon Fabrairu 1837 zazzaɓin taifot ya kwantar da shi. Maƙwabtansa, Wilhelm Schulz da matarsa Caroline, waɗanda su ma 'yan gudun hijira ne daga Hesse, suka yi jinyarsa. Aka aika wa Minna, ta iso daga Strasbourg ranar 17 ga wata, ya gane ta da ƙyar. Bayan kwana biyu ya cika. Kwana huɗu da rasuwarsa, ranar 23 ga Fabrairu, aka tarar da Weidig cikin jini a ɗakinsa na kurkukun Darmstadt, bayan kusan shekara biyu yana shan azaba a hannun Georgi, alƙalin nan da ya taɓa bincike ɗakin Büchner. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, abokansa suka ƙi yarda. Minna ba ta yi aure ba har ta rasu a 1880.

Sunan da ya tashi bayan shekara 60

Gutzkow ya buga Lenz a 1839. A 1850 Ludwig ya tattara rubuce-rubucen wansa ya buga, amma ya bar Woyzeck a waje, domin tawadar ta dushe kuma rubutun ƙanana ne ƙwarai. Sai a 1879 marubuci Karl Emil Franzos ya yi amfani da sinadari ya fito da haruffan, ya buga wasan, ko da yake ya karanta sunan jarumin a karkace, ya rubuta Wozzeck. Takardun ba su nuna jerin da marubucin ya so fitowar ta bi ba, shi ya sa har yau kowane mai shirya wasan yake zaɓar nasa jerin.

An fara nuna Leonce da Lena a Munich a 1895, Mutuwar Danton a Berlin a 1902, Woyzeck kuma a Munich ranar 8 ga Nuwamba 1913, shekara 100 da haihuwar marubucin. Marubuta irin su Gerhart Hauptmann da Frank Wedekind da Bertolt Brecht suka ɗauke shi a matsayin wanda ya riga su buɗe hanya. Mawaƙin Ostiriya Alban Berg ya mayar da wasan opera, wato wasan da ake rerawa, aka fara nuna shi a Berlin a 1925. Werner Herzog ya yi fim ɗinsa a 1979. A 1992 William Kentridge da ƙungiyar Handspring ta Afirka ta Kudu suka yi shi da 'yan tsana, suka mayar da Woyzeck baƙin lebura ɗan ci-rani a Johannesburg ta shekarun 1950, labarin ya zauna daram.

An kafa lambar yabo ta Georg Büchner a 1923, kuma tun 1951 Cibiyar Harshe da Adabi ta Jamus da ke Darmstadt ke bayar da ita, a birnin da aka taɓa buga sanarwar nemansa. Günter Grass da Heinrich Böll da Elias Canetti da Elfriede Jelinek duk sun karɓe ta kafin su samu lambar Nobel.

Inda labarin ya taɓo mu

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga tambayar da ƙasidar 1834 ta yi. Dattawan ƙasar Katagum, daga Azare har Gamawa, da na sauran masarautun Arewa, sun san zamanin haraji da jangali, lokacin da kuɗi ke bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi zuwa baitulmalin En'e, manomi da makiyayi kuwa ba su da bakin tambayar inda suka tafi. Wannan tambaya tana cikin abin da ya haifi jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma sai a 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke harajin biyu a jihohinsu.

Akwai kuma kamanni tsakanin Büchner da Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda jami'ar jihar da ke Gadau take ɗauke da sunansa. Shi ma ta fannin kiwon lafiya ya bi, shi ma ya kafa ƙungiyoyin tattaunawa da hukuma ta sa wa ido, shi ma ciwo ya ɗauke shi da sauran ƙarfinsa a 1958, bai ga 'yancin kan da ya yi wa aiki ba. Bambancin shi ne Malam Sa'adu da Malam Aminu Kano, wanda ya rubuta gajerun wasannin kwaikwayo na sukar zalunci tun yana matashi, sun isar da saƙonsu da waƙa da wasa da hujjar addini, cikin harshen da talaka ke ji a kasuwa da zaure. Abin da Weidig ya yi ƙoƙarin nuna wa Büchner ke nan, shi kuwa bai kama shi sosai ba sai a Woyzeck, inda ya daina yi wa talaka jawabi ya bar shi ya yi magana da bakinsa.

Ga masu rubuta wasan kwaikwayo da fim da Hausa, hanyar aikinsa abar dubawa ce. Bai ƙirƙiro Danton ko Lenz ko Woyzeck ba. A kasafin kuɗin gwamnati da littattafan tarihi da bayanan fasto da rahoton likita ya same su, ya karanta da idon mai tambayar wanda aka danne a cikin takardar. Irin waɗannan takardu suna nan jibge a kotunanmu da asibitocinmu da ɗakin adana kayan tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

A 1875 aka tashi maƙabartar da aka fara binne Büchner, aka mayar da ƙasusuwansa kan tudun Zürichberg da ke kallon birnin Zurich, inda kabarinsa yake har yau. Takardun Woyzeck da ya rubuta da hannunsa kuwa suna ajiye a ɗakin adana rubuce-rubucen Goethe da Schiller a birnin Weimar.